Abin da mastas ɗin bayoteknoloji ya bar min a hannu

Tun da na gama mastas a bayoteknoloji, wato ilimin amfani da halittu masu rai da ƙwayoyinsu wajen samar da magani da iri da abinci, na dawo gida Gombe tambaya ɗaya ce take ta zagayowa, 'yan bautar ƙasa su yi min ita, ƙannen abokaina da suka karanta maikirobayoloji ko bayokemistiri su yi min ita, har iyaye masu tunanin sayar da bijimi ko fuloti su biya wa yaro. Wai akwai riba kuwa? Ni kam amsata eh ce, akwai, amma sai an faɗi gaskiyar inda ribar take. Tana cikin abin da hannunka ya iya da kuma yadda kanka ya koma yin tunani, kuma wallahi mutum zai iya cinye shekara biyu zuwa uku, ya kashe kuɗi masu yawa, ya fito da takarda mai kyau da hoton gaun, bai samu ko ɗaya daga cikin biyun nan ba. Na ga waɗanda hakan ta same su kuma abin yana damuna sosai, don yawancinsu ba ragwaye ba ne, babu wanda ya gaya musu abin da za su nema tun farko.

A digirin farko duk mun san PCR a takarda, wato dabarar kwafar guntun DNA a cikin inji har ya yi yawan da za a iya ganinsa. Mun haddace cewa wani Ba'amurke Kary Mullis ne ya ƙirƙiro dabarar a 1983 har ya ci kyautar Nobel a 1993, mun haddace zafi ukun nan, digiri 94 ko 95 don igiyoyin DNA biyu su rabu, a sauko wajen 55 don firaima, ɗan guntun DNA mai nuna inda za a fara kwafa, ta kama, a hau 72 don enzayim ya yi gini, a maimaita sau 30 sai kwafi ɗaya ya wuce biliyan. Har labarin Taq, enzayim ɗin da ke yin ginin, mun sani, cewa daga wata bakteriya mai rayuwa a ruwan zafin Yellowstone a Amurka aka samo shi, shi ya sa zafin injin ba ya kashe shi. Amma ranar firaktikal aji a cike yake maƙil, mutum ɗaya yana yi a gaba sauran suna leƙe ta kafaɗar juna, da yamma kowa ya rubuta rahoto. Haka mutum zai gama shekara huɗu da sakamako mai kyau bai taɓa riƙe fifet, abin zuƙo ɗigon ruwa daidai awo, da hannunsa ba.

To abu na farko da mastas ya ba ni shi ne hannu. Akwai wani dattijon teknolojis a leb ɗinmu, kowa Baba yake ce masa har farfesoshi, shi ba ya barin sabon ɗalibi ya taɓa sinadari mai tsada sai ya zaunar da shi da ruwa da fifet da sikelin nan mai auna ƙanƙanin nauyi. Ka ja maikirolita 100 ka zuba, sikeli ya nuna giram 0.1, ka sake, ka kuma sakewa har sai lambar ta daina rawa. Maikirolita ɗaya fa kashi ɗaya ne cikin dubu na mililita, ɗigon da ido da ƙyar yake kama shi a bakin tsinken roba, kuma a PCR irin wannan ɗigon ne ke raba sakamako da asara. Fifet tsayawa biyu gare ta a ƙarƙashin babban yatsa, ta farko don ja, ta biyu don turo ragowar, wanda bai ji wannan a yatsansa ba ko littafi nawa ya karanta ba zai gane ba. Daga nan sai tsafta, alkohol mai kashi 70 a hannu da kan benci, otokilef, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta, a digiri 121 na minti 15, ba a magana a kan buɗaɗɗen faranti, ba a mayar da tsinken da aka riga aka tsoma a wani wuri. Ƙananan abubuwa ne amma duk wanda zai ɗauke ka aikin leb, da zarar ya ba ka benci ya tsaya yana kallo zai gane ko kana da su ko babu.

Bincikena a kan fumfunar da ke kama gyada da masara ne, Aspergillus flavus, mai fitar da gubar aflatoksin. Na ɗebo samfur daga Tudun Hatsi da wasu kasuwannin ƙauye ta wajen Kumo da Bajoga. Abin da ya ja ni wajen shi ne gubar nan ba ta da wari ba ta da ɗanɗano, dahuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta, kuma tana cikin abubuwan da duniya ta tabbatar suna jawo kansar hanta. Yanzu ka tuna irin gyadar da muke ci a ƙasar nan, ƙuli-ƙuli, kunun gyada, miyar taushe, yajin tsire, man gyada na gida, ga shi kuma gyadar da aka tsince aka ware saboda ta lalace sau da yawa ita ce take ƙarewa wajen masu ƙuli don ta fi araha. Saniya ma in ta ci dusa mai gubar wani kaso yana fitowa a madararta. A Kenya a 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a lokaci ɗaya, amma ni wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na kaɗan-kaɗan ɗin nan na kullum da ba wanda yake ƙirgawa.

Ranar da na fara fitar da DNA da hannuna ba zan manta ba. Ka kankaro fumfunar daga faranti, koriya-koriya mai ɗan rawaya, ka niƙa ta a ƙaramin turmin leb, ka zuba ruwan CTAB mai fasa ƙwayoyinta ka sa a ruwan zafi digiri 65, ka ƙara kulorofom ka juya a sentirifuj sai abin ya rabu hawa-hawa, ka tsotse na saman a hankali hannunka ba ya rawa, sai ka zuba aisofurofanol mai sanyi ka juya bututun sama da ƙasa. Can sai ka ga wani farin zare siriri yana yawo a ciki. Abin da muka yi shekaru muna zanawa a allo ga shi a tsakanin yatsuna biyu. Bayan PCR ka zuba a ramukan jel, ka kunna wuta ka jira ta jera guntayen DNA gwargwadon tsawonsu, ka shiga ɗaki mai duhu ka kunna fitilar UV, layuka su fito suna ƙyalli.

Amma Baba ba ya kallon layukan da suka fito tukuna. Ka kawo masa hoton jel kana murna, abin da zai fara cewa shi ne, "Ɗana, ina kwantirol ɗinka?" Yana nufin ramin da aka sa komai da komai amma aka zuba ruwa a maimakon DNA, wanda dole ya fito fayau ba layi, da kuma ramin da aka sa samfurin da an riga an san amsarsa, wanda dole layinsa ya fito. In ramin ruwa ya nuna layi to wani abu ya gurɓata kayanka, duk sauran layukan nan masu kyau ba su da amfani, a zubar a sake. In babu kwantirol kwata-kwata ko duba hoton ba ya yi, miƙo maka abinka yake. Ɗalibai suna jin haushi don kowane zagaye kuɗi ne, amma shi ko a jikinsa. Sufabaizana kuma ya ƙara min wani a kai, ranar da na kai masa sakamakon cewa wasu daga cikin fumfunata suna ɗauke da aflR da sauran ƙwayoyin halittar da ke da hannu wajen haɗa guba, ya ce madalla, amma samun ƙwayar halittar bai nuna ana fitar da gubar ba, je ka auna gubar kanta sannan mu yi magana.

In aka ce in zaɓi abu ɗaya tak da na fito da shi, wannan tunanin na kwantirol ne. Kaina ya saba da tambayar da me aka kwatanta, mutum nawa aka gwada, an maimaita kuwa, akwai wani dalili daban da zai iya kawo wannan sakamakon. Kuma ba a leb kaɗai yake tsayawa ba. In aka turo saƙo a WhatsApp wai wani ganye yana warkar da ciwon suga cikin sati ɗaya, ko mai sayar da maganin feshi ya ce nasa ya ninka amfanin gonar wane, ba na ƙaryatawa kai tsaye ba na kuma gaskatawa, tambayar kwantirol nake yi. Maganin gargajiya da yawa akwai gaskiya a cikinsa, maganin maleriya na atemisinin ai daga ganye 'yan Sin suka samo shi, amma sai da aka gwada aka auna aka san adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abu na gaba da ya fi biya na a aljihu, abin mamaki, ba ya buƙatar leb ko kaɗan, laftof da data kawai. Mu nan galibi in PCR ya yi kyau sai a tura samfur Ibadan ko ƙasar waje a karanto jerin haruffan DNA ɗin, su dawo maka ta imel, A da T da G da C ɗaruruwa a jere. Ɗalibai da yawa a nan suke tsayawa cak. Koyon yadda za ka buɗe fayil ɗin, ka yanke farko da ƙarshe inda karatun bai fito da kyau ba, ka sa a manhajar BLAST a shafin NCBI ka ga da wa ya yi kama a cikin GenBank, rumbun jerin DNA na duniya, ka jera su a manhajar MEGA ka zana bishiyar dangantaka, ka san cewa yankin DNA mai suna ITS ake dubawa a fumfuna 16S kuma a bakteriya, wannan shi ne bayo'infomatiks na matakin farko kuma kusan duk manhajojin kyauta ne. Na ƙara da manhajar R don lissafin alƙaluma, da wahala a farko don rubutu ake yi ba danna maɓalli ba, amma da ya zauna sai na ga ba abin da manhajar SPSS ta kuɗi ke yi da ba zan iya yi ba ba tare da neman lasisi ba. A wajen da wuta ba ta tsayawa kuma sinadarai suke da tsada, wannan ɓangaren ne kaɗai ɗan Gombe yake tsayawa kafaɗa da kafaɗa da ɗan ko'ina a duniya, bayanan da mai bincike a Jamus yake saukewa su ne kai ma kake saukewa a Pantami ko Jekadafari. Duk wanda zai shiga mastas ɗin nan ina roƙonsa kada ya yi wasa da shi.

Sauran kuma sun zo a hanya, karanta takardar bincike ka fara da yadda aka yi aikin kafin ka yarda da abin da aka ce an gano, rubuta komai a littafin leb da biro da kwanan wata har lambar kwalbar sinadari, rubuta furofozal da kasafin kuɗi, tsayawa gaban malamai a semina su yi ta jefo tambaya kana amsawa ba ka rikice ba ba ka kuma yi musu ƙarya ba.

Wahala kam akwai ta kuma ba zan ɓoye ba. Enzayim da firaima a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili suke zama, in aka ɗauke wuta kwana biyu janareto ba mai, kuɗinka ne yake narkewa, mun sha yin karo-karo mu sayi man janareto, mun sha ɗaukar kula da ƙanƙara mu kai kayanmu wani leb da ke da sola. Yajin aikin jami'o'i na 2022 wata takwas ya ci. Daga tsakiyar 2023 kuma da aka cire tallafin mai naira ta faɗi, dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kusan duk abin da muke amfani da shi daga waje yake zuwa, har tsinken roba. Wasu abokan karatuna dole suka rage yawan samfur, wasu suka canja taken bincike gaba ɗaya. Matan ajinmu kuma, wasu da goyo, su bar yaro wajen kaka su zo su tsaya a benci tun safe don PCR ba ya jiran kowa, ban ga wanda ya kai su juriya ba.

Yanzu ina aiki a wani kamfanin haɗa abincin kaji, ɓangaren duba ingancin kaya. Masu kiwon kaji sun san aflatoksin tun kafin yawancin mutane, don asalin gano ta ma daga tsuntsaye ne, a 1960 talo-talo sama da dubu ɗari suka mutu a Ingila aka bi diddigi aka tarar daga tunkuzar gyada ce. In mota ta kawo masara ba daga buhu ɗaya nake ɗiba ba don gubar ba ta bazuwa daidai, buhu ɗaya zai iya zama lafiya na kusa da shi ya zama guba zalla, sai in sa a soki buhuna da yawa sama da ƙasa da tsakiyar mota, a haɗa, a niƙa, in auna damshi, masara ta ajiya bai kamata ta wuce kashi 13 ba, sannan in jiƙa garin in tsoma ɗan tsinken gwaji in sa a na'ura ta karanto lamba. Akwai ranar da lambar ta haura abin da muke karɓa nesa ba kusa ba. Dillalin, dattijo ne mai mutunci, ya ɗebo masarar a tafin hannunsa ya ce, "Malam, dubi masarar nan fa, fara tas, ko ƙwaro ɗaya babu." Na ce, "Alhaji, gaskiyarka ne a ido, amma zo mu sake tare." Muka sake ɗiba a gabansa, na gwada tasa na gwada wata da na san tana da kyau gefe da gefe yana kallo. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni daga ina abin yake shiga. Na ce galibi tun daga gona in fari ya matsa wa shuka ko tsutsa ta huda, sai kuma shanya a ƙasa da zuba wa buhu kafin ta bushe sosai. Na ba shi labarin Aflasafe da cibiyar IITA ta Ibadan ta haɗa, ƙwayar dawa ce da aka lulluɓe da irin fumfunar da ba ta fitar da guba aka rina ta shuɗiya, ana watsa kilo 10 a hekta sati biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai marar gubar ta riga mai gubar kama wuri. Bai ji daɗin mayar da motar ba, ba wanda zai ji, amma har yau yana kawo mana kaya kuma yanzu shi da kansa yake cewa a auna. Abin da ya tsaya min a rai shi ne motar da muka mayar ba zubarwa za a yi ba, wata kasuwar za ta shiga, kajin kamfani sun tsira amma tuwon wani gida ne.

Abokan karatuna kowa da inda ya faɗa. Akwai masu koyarwa a jami'a da kwalejoji, su mastas dole ne gare su kuma wasu TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, ce ta ɗauki nauyinsu. Akwai waɗanda suka samu tallafin karatu suka wuce digiri na uku a waje, kuma abin da ya buɗe musu ƙofa shi ne takardar da suka buga daga aikin mastas da kuma iya faɗin abin da hannunsu ya yi dalla-dalla a intabiyu. Waɗanda suka riga mu, lokacin korona a 2020 da aka yi ta buɗe leb ɗin PCR a jihohi, masu hannu a cikinsu an neme su ruwa a jallo. Akwai kamfanonin iri, akwai na abinci da ruwan sha, akwai NAFDAC da hukumar bayoteknoloji ta ƙasa da aka kafa a 2001. Akwai kuma waɗanda har yanzu suke koyar da bayoloji a sakandaren kuɗi a kan albashin da bai kai ya kawo ba, wannan ma gaskiya ce. Wani abu da ya kamata kowa ya sani kafin ya biya kuɗin makaranta, mastas a bayoteknoloji ba ya ba ka lasisin gwajin marasa lafiya a asibiti, wannan na waɗanda suka karanta kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ne suka yi rajista da hukumarsu ta MLSCN. In burinka leb ɗin asibiti ne to ka san hanyar da za ka bi tun yanzu.

Akwai wata ribar da ba a rubuta ta a manhaja ba, iya yi wa naka bayani da harshensu. Baffana manomin wake ne ta wajen Dukku, da aka fara maganar waken SAMPEA 20-T ya kira ni ya ce, "Kai da ka yi karatun abin, gaya min tsakani da Allah, wai waken nan yana kashe ƙasa, wai yana hana haihuwa?" Na ce Baffa, waken nan a Samaru aka yi aikinsa, cibiyar IAR ta Jami'ar Ahmadu Bello ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, aka sake shi ga manoma a ƙarshen 2019 bayan hukumar NBMA, mai sa ido kan halittun da aka sauya wa ƙwayar halitta, da dokar 2015 ta kafa ta ba da izini. Abin da aka sa masa ƙwayar halitta ce daga wata bakteriyar ƙasa da ake kira Bt, tana sa shukar ta yi wani furotin da ke fasa cikin tsutsar Maruka mai cin fure da huda kwanso, kuma furotin ɗin sai ya samu irin cikin tsutsa da wurin kamawa na musamman sannan yake aiki, cikin mutum ba shi da wannan wurin, narkewa yake kamar sauran furotin. Manoma a duniya sun yi shekaru da dama suna fesa ita wannan bakteriyar a gona tun kafin a sa ta a iri. Amfaninsa shi ne feshin da ake yi sau shida zuwa takwas ya dawo wajen sau biyu, kuma duk wanda ya ga yaranmu suna feshi ba takunkumi ba safar hannu iska tana dawo musu da shi fuska ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tarayyar Turai ma ai saboda ragowar maganin ƙwari ta hana shigar da wakenmu a 2015.

Amma na gaya masa ɗaya gefen ma. Waken ba ya maganin duk ƙwari, sauran masu tsotsa suna nan shi ya sa feshi biyun nan ba a barinsa, ba ya hana ƙwaron rumbu, wannan sai buhun PICS mai hawa uku, kuma in aka yi sakaci tsutsa tana iya sabawa da shi a hankali. Maganar sayen iri duk shekara kuma ta fi shafar masarar TELA da aka sake a farkon 2024, don ita haibirid ce, kuma duk masarar haibirid haka take ko an taɓa ƙwayar halittarta ko ba a taɓa ba, in ka sake shuka 'ya'yanta amfanin raguwa yake. Tambayar wa ke riƙe da iri, nawa za a sayar, a rubuta a jikin kaya don mai saye ya san abin da yake saye, duk tambayoyi ne na gaskiya kuma ban yarda a raina masu yin su ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tsoratar da manomi da maganar da ba wanda ya gwada ya nuna.

In na kalli jihohinmu biyu, Gombe da Bauchi, sai in ga aikin da ke jiran masu wannan karatun ya fi ƙarfin adadinmu. Asibitin masu saran maciji na Kaltungo, kububuwa tana ta cika shi da manoma da makiyaya musamman lokacin shuka da girbi, maganin EchiTAb da ake ba su da dafin macizanmu ake yin sa amma ɗaya a Birtaniya ake haɗawa da jinin tumaki ɗaya a Kosta Rika da jinin dawakai, sannan mu sayo da dala, in ya yanke mutane su mutu. Tace garkuwar jiki daga jinin dabba aikin bayoteknoloji ne tsantsa, kuma ga Vom nan kusa da mu a Filato suna aikin lafiyar dabbobi tun 1924 suna haɗa alluran rigakafi, ba za a ce ƙasar nan ba ta san hanyar ba. Bauchi kusan kullum tana cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi kamawa kuma PCR ne ke tabbatar da shi, duk awar da samfur ya yi a hanya awa ce da aka rage wa mara lafiya. Ga sikila, Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, maganin Casgevy da aka yi da fasahar gyara ƙwayar halitta ta CRISPR an amince da shi a Birtaniya da Amurka a ƙarshen 2023 amma kuɗin da aka sa masa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2 ne, ba namu ba ne yanzu, namu shi ne gwajin jini sahihi kafin aure da gwajin jarirai da wuri. Har daddawarmu da kindirmo, bakteriya ce ke yin aikin, wanda ya ware masu kyau ya haɗa abin da mata za su riƙa zubawa kayansu ya fito iri ɗaya kullum ya daɗe bai lalace ba, ya yi aikin da za a ci moriyarsa.

Don haka wanda zai shiga, kafin ka sayi fom ka taka da ƙafarka ka je ka ga leb ɗin, gani ya kori ji. Kada ka tambayi ofis, ka nemi ɗaliban da suke shekara ta biyu ka tambaye su injin PCR yana aiki kuwa, wa ke riƙe da makulli, ana barin ɗalibi ya taɓa da hannunsa ko karɓar samfur ake a miƙo masa sakamako, firiza tana kan sola ko a'a, sufabaiza yana karanta babi ya dawo da shi cikin wane lokaci. In makarantar ba ta da kaya amma malamin yana da hanya a Samaru ko Vom ko tashar IITA ta Kano inda za ka je ka yi aikin benci, hakan ma ya yi. Akwai wuraren da za ka biya su yi maka komai su turo hoton jel ka manna a tesis, ka guje su ko da sun fi sauƙi, in ma dole sai a can za a yi to ka roƙa ka tsaya a yi da hannunka. Ka girmama teknolojis kamar yadda kake girmama farfesa. Taken bincike kuma ka zauna da biro ka lissafa kuɗin kowane samfur tun daga ɗiba har sikwensin, wato karanto haruffan DNA, kafin ka kai furofozal, ka ƙara wani abu a kai saboda maimaici don sai an maimaita, samfur kaɗan da aka yi da kwantirol ya fi tuli da ba za ka iya kare shi ba ranar difens.

Ni dai kakar bana ina shirin komawa kan ƙuli-ƙuli, tare da wasu ɗalibai biyu 'yan ajin ƙarshe da suke zuwa wajena koyon aiki. Za mu ɗebo daga masu yi a Gombe da Kumo da Billiri, mu tambaye su irin gyadar da suke saye da inda suke ajiye ta, mu auna da tsinken gwaji tukuna, waɗanda suka nuna lamba mai yawa mu nemi inda za a tabbatar mana da injin HPLC mai auna adadin gubar daidai, sannan mu koma wa matan da sakamakon, mu zauna da su a ga ko tsince gyada da shanya a kan tamfol zai sauko da lambar a zagaye na biyu.